Tambaya da Amsa: Ali Nuhu, da masu son shiga fim daga Sakkwato

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wanga karo kusan duk kan 'yan fim suka faɗa, mafi yawa ma kan mutum ɗaya, to na tattaro waɗanda suka yi kama da juna na bar sauran sai gaba. Masu turo tambayar siyasa ku yi haƙuri yau ba ranarku ba ce.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Muna nan majalisarmu ta bakin mai shayi ga Mabera gardama ta ƙi ƙarewa kan Ali Nuhu, wasu sun ce Bakano na, wasu sun ce ɗan Jos na, wani kuma ya rantse Babarbare na har yac ce a aje kuɗi. Dan Allah ka raba muna gardama, kuma ka hwaɗa muna yadda yaf fara har yak kai inda yake yanzu, dan ni dai tun ina yaro nike ganinai kuma har yau bai gushe ba. Daga mai karatu, Mabera.

AMSA: To ƙanena kada wanda ya aje kuɗi, caca ce, kuma ma kowannenku ya kamo wani gefe na maganar. An haife shi a Maiduguri ranar 15 ga Maris 1974. Mahaifinsa mutumin Balanga ne a jihar Gombe, mahaifiyarsa 'yar Bama ce a Borno, shi kuma ya tashi tsakanin Jos da Kano. Ya yi digiri a Jami'ar Jos kan labarin ƙasa, ya yi bautar ƙasa a Ibadan. Kun ga mai cewa Babarbare ta wajen uwa ya dubo, mai cewa Jos ya dubi karatu, mai cewa Kano ya dubi inda sana'ar ta zaunar da shi. Sai ku raba kuɗin shayin.

Maganar farawa kuwa sai an ɗan koma baya. Fim ɗin Hausa na kaset ya fara ne a Kano a 1990 da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, kuma waɗanda suka fara ɗin yawancinsu 'yan wasan daɓe ne da na talabijin, salon ma na talabijin ne, a zauna a yi ta magana. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 abin ya zama kasuwa sosai, a 1999 ne ma sunan Kannywood ya fara fitowa a mujallar Tauraruwa, kuma a shekarar nan Ali ya fito a fim ɗinsa na farko, Abin Sirri Ne. Amma wanda ya kai sunansa kowane gida shi ne Sangaya, inda ya fito a matsayin yarima tare da Fati Muhammad. Duk wanda ya yi wayo a lokacin zai tuna yadda abin yake a nan garin, a je shagon haya a karɓo kaset a bar katin makaranta ko wani abu jingina, a aro bidiyo a maƙwabta, a fito da talabijin tsakar gida a shimfiɗa tabarmi, mata da yara har da na gidan gaba, ana cikin waƙa a ɗauke wuta kaset ya maƙale a ciki, gobe mai shago yana jiran kuɗin kwana biyu. A irin wannan zaman aka san shi.

Amma tambayar da ta fi ita ce wadda ka saka a ƙarshe, me ya sa bai gushe ba. Don ba shi kaɗai ya yi tashe a wancan lokaci ba, akwai waɗanda ake rububinsu kamar shi ko ma fiye. Wasu Allah ya yi musu rasuwa, irin su Ahmad S. Nuhu da ya rasu a hatsarin mota ranar 1 ga Janairu 2007 yana tsakiyar ganiyarsa, Allah ya jiƙansa. Matan yawanci aure ya ɗauke su. Wasu kuwa suna nan da ransu, kasuwa ce kawai ta juya ta bar su a tsaye.

Ni a ganina abin da ya riƙe Ali shi ne tun da wuri bai yarda ya zama ɗan wasa kawai mai jiran a kira shi ba. Ya buɗe kamfaninsa FKD, wanda haruffan sunan mahaifiyarsa ne, ya zama furodusa ya zama darakta, wato shi ke kira ba shi ake kira ba. Ya je kwasa-kwasan fim a Indiya da Amurka bayan ya riga ya yi suna, lokacin da wani zai ce me kuma za a koya mini. Ya tara yara a gidansa yana fito da su, ko a 2017 da ya yi Mansoor sababbin fuskoki ya sa a gaba, Umar M. Shareef da Maryam Yahaya, ya kai fim ɗin sinima. Da shekaru suka ja bai tsaya yana ja da samari kan fitowa a saurayi ba, ya karɓi uba ya karɓi alhaji. Da kasuwar faifai ta mutu aka koma masu dogon zango ya bi, ga shi a Izzar So, ga nasa Alaƙa. Kyau da farin jini suna kai mutum shekara biyar, shi ko ya haura 25 yana ciki, wannan kam lissafi ne da tashi da asuba.

TAMBAYA: Malam ni tela ce ga Arkilla, ina ɗinki ina kallo ga waya. Abin da ba ni gane ba, mi ak kai shi finafinan kudu? Ba wulaƙanta namu ba ne? Kuma mijina kullum cewa yakai su Ali Nuhu sunka ɓata fim ɗin Hausa da kwaikwayon Indiya, ni kuma sai in yi ta kare shi. Wa ad da gaskiya?

AMSA: Ƙanwata Allah ya ƙaro kwastomomi, kuma ki riƙa duba allura kada kallo ya sa ki ɗinke yatsa.

Zuwa kudu ba wulaƙanci ba ne, neman abinci ne da kuma faɗaɗa sana'a. Fim ɗin Sitanda na darakta Izu Ojukwu shi ya buɗe masa wannan ƙofa, da shi ya ci kambun jarumi mai tasowa a gasar AMAA ta finafinan Afirka a 2007, kin ga abin dariya, mutumin da a Arewa ya kusa shekara takwas ana kiransa tauraro can sai aka ɗauke shi sabon shiga. Daga nan ya yi ta fitowa, Last Flight to Abuja a 2012, Confusion Na Wa a 2013, har zuwa Amina da aka saka a Netflix a 2021. Ki lura da shekarar 2007 ɗin nan, ita ce shekarar da industiri ta shiga matsi mafi tsanani a Kano, hukumar tace finafinai ta tsaurara, aka dakatar da aiki na wani lokaci, aka ɗaure wasu, da yawa suka kwashe kayan aiki suka koma Kaduna da Jos. Wanda ke da ƙafa ɗaya a Legas a lokacin kamar manomin da ke da gona a tudu kuma yana da fadama a bakin gulbin Rima ne, in damina ta ƙi ba zai kwana da yunwa ba. Kuma ya dawo da abin da ya gani can, tsarin aiki, rubutaccen labari a hannun kowa, kiyaye lokaci, kwantiragi.

Maganar maigidanki kuwa, ki yi haƙuri, yana da rabin gaskiya kuma rabin mai nauyi ne. Ba ɓoyayyen abu ba ne gidan FKD na cikin waɗanda suka fi jan rawa da waƙa da labarin soyayya irin na Indiya, shi kansa Ali bai taɓa ɓoye son finafinan Indiya ba, kuma akwai finafinan wancan zamani da in ka kalla za ka iya faɗin na Indiyan da aka juyo. Wannan ya ja mana asara, don an yi shekaru ana ta saurayi ɗaya 'yan mata biyu a cikin lambu, ga tarihi jibge ba mai taɓawa. Mu nan Sakkwato mun fi kowa jin haushin wannan, ga labarin Surame, ga Alkalawa, ga rayuwar masu jima da fatake da masuntan Argungu, duk ba wanda ya mayar da su fim na kirki.

Inda maigida ya kauce shi ne ɗora wa mutum ɗaya. Hausawa sun yi shekaru suna cika gidajen sinima don kallon Indiya tun kafin a haifi Ali Nuhu, iyayenmu ma sun san waƙoƙin. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano su ke sayen fim su rarraba, kuma fim marar waƙa ba sa ɗauka da daraja don ba ya tafiya. Wa ke saye? Mu ne. To ki ce masa ya rage wa Ali laifi ya ɗan ɗiba ya sa a aljihunsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ta, ina Runjin Sambo. Yarona na aji biyu ga foli, yanzu ya tada hankalin gida wai shi barin karatu zai yi ya tahi Kano ya zama ɗan fim. Wani ya yi mai magana ta waya da hoton wani babban jarumi, yac ce ya turo kuɗin fom da na rijista za a sa shi fim, har ya sayar da wayar ƙanwatai ya tura, yanzu lambar ba ta shiga. Babansa ya ce in ya tahi kada ya dawo. Ni na rasa inda zan sa kaina. Mi za ni yi?

AMSA: Hajiya Allah ya sanyaya miki, ya shirya mana zuri'a. Kuɗin nan dai ki ɗauka sun tafi, ɗan damfara ne, kuma irinsu sun yi yawa a Facebook da WhatsApp, su ɗauki hoton jarumi su buɗe shafi su yi ta farautar yara. Manyan 'yan fim sun sha fitowa suna cewa ba su da hannu a irin wannan. Rijista ta gaskiya akwai ta, amma a ofis ake yi, wajen ƙungiyoyin masu sana'ar irin su MOPPAN da kuma hukumar tace finafinai ta Kano ga mai son aiki a can, mutum ya je da ƙafarsa a ba shi rasit. Ba wanda ke sayar da fitowa a fim ta akawun ɗin wani da ba ka taɓa gani ba. Ku ajiye lambar da shaidar turawar ku kai wa 'yan sanda da banki, ko ba a samu kuɗin ba a rufe akawun ɗin.

Sai maganar yaron. Ina roƙon Alhaji ya janye wannan kalma ta kada ya dawo, don yaro mai shekara ashirin in aka rufe masa ƙofa ba fasawa zai yi ba, tafiya zai yi ba sallama, kuma Kano ba ta da tausayin baƙon da ba shi da masauki. Ku zaunar da shi ku yi ciniki. Ya gama difloma tukuna, wannan ba a taɓa shi. Ku gaya masa Ali Nuhu da yara ke gani a matsayin gwani sai da ya gama jami'a ya yi bautar ƙasa, kuma wannan karatun ne ya sa ya iya tsayawa a Legas ya yi aiki da Turanci, shi ne kuma ya sa da aka zo neman wanda za a ba Hukumar Finafinai ta Nijeriya aka iya kiran sunansa.

Kuma a gaya masa yadda aikin yake, don su yara abin da suke gani shi ne mota da hoto. Lokeshan wuri ne na jira. A ce ka zo ƙarfe bakwai na safe, ka zo, ka zauna a kan benci da kayanka a leda, babban jarumi bai iso ba, ya iso janareta ya ƙi tashi, ya tashi mai ɗaukar sauti ya ce ƙararsa na shiga a matsar da shi bayan gida, a jawo waya, rana ta juya mai haske ya ce sai an sake saiti. Wajen la'asar a kira ka, maganarka duka layi biyu ce, ka shigo ka ce Alhaji ana sallama, a ce kat ka kalli kamara, a sake, a ce kat hularka ba ita ce ta jiya ba, a nemo ta jiya. Sau da yawa sabon shiga abin da zai samu a ranar abinci ne da kuɗin mota, wani lokacin ma godiya. Ana iya shekaru a haka. Wanda ya ji wannan ya ce har yanzu yana so, to wataƙila da gaske yake.

Kuɗin ma ba inda yake tsammani suke ba. Da can furodusa na buga kaset ko faifai ya sayar, yanzu wannan ya mutu, satar fasaha da masu tura finafinai a waya sun gama da shi, ke ma kin san shagunan, yaro da kwamfuta a bakin kasuwa ka ba shi ɗan canji ya cika maka memori, wanda ya kashe kuɗinsa ya yi fim ɗin ko sisi ba ya gani. Abin da ya rage shi ne tashoshi irin Arewa24 da ta fara a 2014, da YouTube inda kuɗi ke biyo yawan masu kallo, da tallan kamfanoni. Shi ya sa yau mai iya tace hoto, mai sauti, mai haske, mai rubuta labari sun fi ɗan wasa tsaka-tsaki samun aiki a kai a kai, don kowane shiri na buƙatarsu kuma in ba fim akwai biki akwai talla akwai wa'azi.

To ga abin da zan ce ku yi. Ya zauna a Sakkwato ya fara daga nan. Akwai ƙungiyoyin wasan kwaikwayo a gari da makarantu, akwai Rima Radio da talabijin ɗinta, akwai NTA Sakkwato, ya nemi inda zai riƙa zuwa ranar da ba lacca ko riƙe waya ne ya yi. Ya koyi tace bidiyo. Ya haɗa abokai su yi gajerun wasanni da Sakkwatancinsu, kada ya ari bakin Kano, don masu bakin Kano sun cika kasuwa, shi ko nasa harshen shi ne abin da zai bambanta shi. In yana da abin, daraktoci na gani a waya, su za su neme shi. Sannan ya biya ƙanwarsa wayarta da guminsa, ko kabu-kabu ne ya yi a hutu, wannan kada ki yafe masa.

TAMBAYA: Malam tunda an ba Ali Nuhu shugaban hukumar fim, mi as sa bai hana finafinan banza da rawar TikTok ba? Ɗalibi daga Jami'ar Ɗanfodiyo.

AMSA: Ɗana ka haɗa hukumomi uku wuri ɗaya. Wadda Shugaba Tinubu ya ba shi a Janairun 2024 ita ce Hukumar Finafinai ta Nijeriya, NFC, an kafa ta a 1979, hedikwatarta na Jos, aikinta raya sana'ar, horar da mutane a makarantar fim ta ƙasa da ke Jos ɗin, adana tsofaffin finafinai, da shirya bikin finafinai na Zuma a Abuja. Ba ta da sanda. Mai tace fim a matakin ƙasa ita ce NFVCB da aka kafa a 1993, sai kuma ta jihar Kano da aka kafa a 2001, wadda ita ma ɗan fim ne aka ba ta a 2023, Abba El-Mustapha. TikTok kuma wata duniya ce daban, yawancin masu rawar can ba su taɓa taka lokeshan ba. In za ka auna shi, ka auna shi da yawan yaran Arewa da suka samu horo da kuma ko tsofaffin finafinanmu sun tsira daga lalacewa.

TAMBAYA: Malam ni dattijo na daga Wurno, jikana ya rubuta min. Ku yaran yanzu kun ɗauka da Ali Nuhu aka fara wasa. Ina Samanja? Ina Kasimu Yero? Ina 'yan Idon Matambayi namu na nan? Mi sunka samu?

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, ka yi gaskiya kuma na karɓi faɗan. Kafin kaset gidajen talabijin da rediyo su ne dandalin, kowace tasha da nata, mu nan NTA Sakkwato da Idon Matambayi, Jos da Karkuzu, Kaduna da Samanja da su Kasimu Yero. Usman Baba Pategi, wato Samanja, tsohon soja ne na gaske kafin ya mayar da rayuwar bariki abin dariya, ya rasu a Kaduna a Nuwamban 2023. Kasimu Yero mutumin Zariya, wanda ya yi Karambana da Magana Jari Ce har da wasan Turanci na Cock Crow at Dawn, ya rasu a Satumban 2017, kuma in ana maganar wanda ya fara haɗa wasan Hausa da na Turanci to shi ya riga Ali da nisa.

Abin da suka samu kuwa Baba, suna ne mai yawa da kuɗi kaɗan. Wasan na tasha ne ba nasu ba, a biya su na ranar shi ke nan, ko an maimaita sau ɗari ba abin da zai shigo musu. Karkuzu da ya rasu a 2025 ya yi ƙarshen rayuwarsa ba ya gani, sai da aka yi ta neman taimako, ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. Har yau kuma ɗan wasan Hausa ba shi da fansho, in ya kwanta ciwo sai dai a ɗauki bidiyonsa a asibiti a yaɗa, abin da ni ke ƙona min rai kenan duk lokacin da na gani. Waɗanda ke da kamfani da haƙƙin finafinansu a hannu su ne suka tsallake wannan, kuma ba su da yawa.

Ga jikan da ya rubuta, tunda kana da waya, ka zaunar da Baba ka ɗauki muryarsa yana ba ka labarin wasannin nan, su wa suka fito, wace rana ake sakawa, a gidan wa ake taruwa kallo a Wurno. Ka turo mana, za mu buga a wanga fili.